Kaset Ɗin da Bai Kai Unguwar Gabas Ba

Markar bana ta zo da halinta na da. Tun shekaranjiya rana ba ta leƙo ba, kayan da na shanya a igiya har sun fara warin laima. A cikin wannan yayyafin na shiga adaidaita zan je awon hawan jini. Mun ɗan taɓa tafiya ke nan sai direban ya latsa wayarsa, wata tsohuwar ganga ta tashi. Kafin murya ta fito na gane hannun.

Na ce, "Ɗan nan, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Turo min aka yi, Hajiya. Waƙar mutanen da ce. An ce mai ita ya daɗe da rasuwa."

Na ce, "Allah Sarki." Ban gaya masa cewa yanzun nan na baro mamacin a gidan ɗanmu a nan Dutse, yana faɗa da jikoki a kan wanda ya taɓa masa buta ba. Na jingina, ruwa yana feso min ta gefe, ni kuwa tuni na koma daminar da aka yi kaset ɗin nan.

Maigidana Malam makaɗin gayya ne. Yaran yanzu sai an yi musu bayani, tunda su feshi suke yi wa ciyawa ta mutu a tsaye. A garinmu, can ƙasar Taura, idan damina ta kankama ba mai iya nome gonarsa shi kaɗai. Sai a kira gayya. Yau maza su taru a gonar wane, gobe ta wane, mai gona ya ba da abinci. Su jeru kowa da kunyarsa, Malam yana bin su a baya da ganga a rataye. Wanda ya wuce 'yan'uwansa shi za a kama sunansa, a haɗa da na ubansa da kakansa, a yi ta juya shi har sai wani ya zo ya ƙwace. Sunan nan ba a sayensa, ba a roƙonsa, da gumi ake karɓa. Kuma da yake yini yana da tsawo, kafin rana ta faɗi da wuya a sami wanda bai sami ko ɗan tsakure ba.

Shi makaɗi hannunsa na kan ganga duk damina, ba shi da lokacin gonarsa. Shuka da ɗan noman farko mukan lallaɓa mu yi, ni da shi, yawanci ma ni. Amma maimai, noman da ke raba gero da ciyawa, wannan na gari ne. Idan an gama zagaya gonaki, gayyar ƙarshe ta makaɗi ce. Ba ya kira, gari ne ke zuwa da kansa, da Unguwar Yamma inda muke, da Unguwar Gabas da ke ƙetaren kududdufi. Abincinmu na shekara a kan wannan yinin guda yake.

Shekarar da nake faɗa, Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Kakar da ta gabata ba ta yi auki ba. Tun tsakiyar bazara idan Malam ya shiga rumbu ɗebo min dami sai ya ɓace gaba ɗaya, muryarsa kawai nake ji daga ƙasa. Zafi kuwa ba a magana. Ruwan randa da kansa ɗumi yake yi, kaji su kwanta a gindin rumbu baki buɗe, guga ya fito daga rijiya rabinsa taɓo. Ina surfe gumi yana ɗiga cikin turmi, in ce to, gishiri dai ya samu.

Da ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasar nan sai da ya sa ni hawaye. Washegari muka fita, Malam yana sara da sungumi, ni ina bin sa ina zuba iri ina rufewa da dunduniya. Gero ya tsiro, kore shar, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari zai haɗu, mu kwashe shanya, mu tara ƙore a bakin indararo, sai iska ta taso ta kwashe shi ta yi wajen Garki da shi. Tsiron ya naɗe ganye. Maza suka fita roƙon ruwa, suka dawo suka zauna a inuwa. Ba noma, ba gayya, ganga tana rataye a jikin ƙusa.

A cikin wannan zaman jiran Yohanna ya zo a kan babur. Mutumin Filato ne, Kirista, yana da shagon kaset a Dutse, da wani ɗaki a baya inda yake ɗaukar waƙoƙin 'yan cocinsu. Ya taɓa jin Malam a wani wasan kaka, abin ya tsaya masa a rai. Mutum ne mai ladabi. Na aika masa da kunun kanwa wanda ni kaina na san ruwa ya fi gari yawa a ciki, ya shanye ya ce bai taɓa shan irinsa ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ina jin su daga zaure. Ya ce, "Baba, ma'aikatan nan da aka kwaso aka zuba a Dutse duk 'ya'yan manoma ne. Kewar gona tana damun su, amma ba mai son komawa cikinta. Ka zo mu sa musu ita a kaset."

Ni ban so ba. Da Malam ya shigo na ce, "Waƙar da ba gona, ba fartanya, wa za ka yi wa ita?"

Ya ce, "Ke dai wanke min rigar Sallah."

Abin da ya faru a Dutse daga bakinsa na ji, kuma na ji shi sau ba adadi. Ɗakin an manna masa katifa da kwalin ƙwai a bango. Aka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga kaset, aka rufe ƙofa, zafi ya ce ga ni. Malam ya duba, ba kunya, ba bayan mutum ko ɗaya da zai bi, sai makirfo. To sai ya rufe ido ya jera mutanen garinmu a ransa. Ya fara da Sarkin Noma, kamar yadda ya kamata. Daga nan ya bi gida gida, na kusa da mu tukuna, kowa da ubansa da kakansa, ba gaggawa, yadda ya saba. A duk rayuwarsa bai taɓa ganin waƙa ta ƙare kafin mutane su ƙare ba. Yana cikin haka Yohanna ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, ya cika. Ciki da baya."

"Ai ban gama ba."

"Sai a na biyu, in Allah ya yarda."

Sai ya kunna masa farkon. Ran nan Malam ya fara jin muryar kansa tana fitowa daga akwati. Daɗi ya ɗebe shi, bai tambayi a kan wa kaset ɗin ya tsaya ba. Ya dawo gida da ɗan buhun masara a kai yana tafiya kamar wanda ya dawo daga Makka. Ba zan ci haƙƙin Yohanna ba, masarar nan ita ta riƙe mu har tsakiyar damina.

Ruwa ya dawo ran wata Juma'a ana cikin masallaci. Ya zo da fushi, ya tsaga mana bangon ɗakin girki, kwaɗi suka cika kududdufi da hayaniya. Muka sake shuka inda ya mutu. Daga nan kullum sai an yi. Itace ya jiƙe, in hura wuta har idona ya yi ja. Masara ta ƙare, aka koma kan tafasa da rama. Da sassafe in fita bayan gida in tsinko, in dafa, in matse, in barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Da rana a sha ruwan tsaki. Yara su ci su kwanta, can in ji cikinsu yana ƙugi. Ba mu kaɗai ba ne, duk garin haka ake. Idan maƙwabciya ta turo aron gishiri, na san a gidanta ma ganye ne a tukunya. Amma gero yana tashi, wannan ya isa mutum ya yi barci.

Ana tsakiyar gayyar maimai kaset ya fito. Yohanna ya aiko da guda ta hannun direban motar kasuwa. A bangon ga hoton Malam cikin rigar Sallah, an ba shi wata sabuwar fartanya ya riƙe, ya riƙe ta kamar jaririn da ba nasa ba. Direban ya ce a tashar Dutse ba abin da ake ji sai shi, masu shayi, masu faci, har motocin ma'aikata. Aka sa shi a gidan rediyo, a wani shiri da wasu malamai biyu ke zama suna tattauna waƙoƙi. Muka ji a rediyon maƙwabta. Ɗaya ya ce wannan ita ce waƙar noma ta ainihi, murya ce ta mutumin da ya sha rana. Malam ya gyara zama. Ɗayan ya ce kiɗan ya yi, amma sunaye sun yi yawa, mutum ya yi ta jin wane ɗan wane har ya gaji, da an rage su an sa faɗakarwa. Malam ya ce a rage ƙarar rediyon, batir ake ci.

Mutanen gari kuwa sai ran da aka huta gayya suka ji shi. Bayan la'asar aka aro rikoda, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, Yamma da Gabas duk suka hallara. Ni ina ciki a jikin katanga ina tsince rama, kunnena yana waje. Duk wanda aka kama sunansa sai in ji dariya ta tashi ana zolayarsa. Har maƙwabcinmu Bawa ya samu, Bawa da ciyawar gonarsa ta isa ta ɓoye jaki, ga shi a kaset an ce shi ne mai korar rana da fartanya. Aka juya kaset, aka ci gaba. Ana kan gidan ƙarshe na bakin kududdufi, daga shi sai a ƙetara Gabas, sai na ji ƙas. Rikoda ta tsaya.

Sai na ji muryar Malam Tanko. Shi ne babban manomin Gabas, dogo, marar yawan magana, mutum ɗaya da Sarkin Noma yake waiwaye idan suna kunya kusa da juna.

Ya ce, "A juya mana."

Wani ya ce, "Ai an juya. Bayan ke nan."

Tanko ya ce, "To. Mun ji." Na ji ana jan takalma. Ko mutum ɗaya na Gabas ba ya cikin kaset ɗin.

Masanin rediyo ya ce sunaye sun yi yawa, rabin gari ya ce sun yi kaɗan, Malam yana tsakiya. Washegari ya tafi Gabas ba da haƙuri. Ya dawo ya zauna a kan turmi, ya daɗe kafin ya gaya min yadda suka yi. Tanko ya karɓe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa buzu. Ya ce, "Ba ka yi laifi ba, Makaɗi, kaset ne ya cika. Sai dai yaron wajena da ke leburanci a Dutse ya saya. Ya tara abokan aikinsa ya ce su zo su ji sunan ubansa. Suka saurara ciki da baya."

Daga ranar mutanen Gabas suka riƙa gayyarsu ba ganga. A Yamma kuwa Bawa ya kwanta a gindin darbejiya yana sa a maimaita masa wurin sunansa. Aka gama zagaya gonaki, layi ya zo kanmu, ba wanda ya zo. Sarkin Noma ya ce ba zai kawo rabin gari gayyar makaɗi ba, in ya yi haka garin ya rabu ke nan har abada, a ɗan jira zuciya ta sauka. Maganarsa daidai ce, sai dai ciyawa ba ta san da ita ba. Gonarmu tana bayan gida, ina ganinta ta saman danga. Harƙiya da gude-gude suka haɗa kai suka rufe kunya. Gero ya fara rawaya daga ƙasa, ya tsaya da tsawo, na maƙwabta yana wuce shi. Na san abin da nake kallo. Idan sati ya sake zagayowa a haka, baɗi tafasar ma ba za mu sami abin haɗa ta da shi ba. Tsoro ya kama ni sosai, kuma ni idan na tsorata bakina ne ke kaifi.

Na ce, "Sai ka ɗauki rikoda ka kunna wa geron, ko ya ji ya tashi."

Har yau ban janye maganar nan ba. Da gari ya waye ya ɗauki fartanyata ya fita.

Ban taɓa ganin noma irin wannan ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana bin bayan manoma, ya san wanda ya iya da wanda bai iya ba tun daga saran farko, ga shi ya duƙa yana sarar ciyawa guda, gero biyu. Ana yayyafi, riga ta manne masa, cikinsa ba komai sai ganye. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Na aro fartanya na fita na kama wata kunyar muna yi tare, amma me mutum biyu za su yi wa wannan dajin? Da na ɗaure masa hannu da tsumma sai tausayinsa ya kama ni, na juya baya don kada ya gani.

Hanyar gonar Tanko ta nesa ta gefen tamu ta bi. Ya wuce ran farko bai duba ba. Ya wuce washegari. Ran da ya tsaya, ina bakin danga ina shanya tsumman hannun Malam. Ya daɗe a tsaye da fartanya a kafaɗa yana kallon geron da aka sare yana kwance a kan kunya.

Ya ce, "Makaɗi, ciyawar kake nome wa ko geron?"

Malam ya miƙe da ƙyar ya ce, "Duk wanda ya zo hannu, Malam Tanko."

Tanko ya ce, "Ajiye fartanyar nan. Ni da kai ne, geron bai yi min komai ba." Ya juya ya koma ta inda ya fito. Ya yi 'yan taku ya waiwayo. "Ka gasa gangarka, laima ta kama ta."

Na hura wuta Malam ya kara fatar gangar har ta ɗame. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga mutanen Gabas sun ɓullo ta bakin kududdufi a jere. Malam ya buga sau ɗaya, ba a jima ba Sarkin Noma ya fito da na Yamma, kai ka ce da ma a bayan ƙofa suke tsaye. Ni kuwa hankalina ya tashi, don gayya sai da abinci, kuma ba abin da ke gidan sai tafasa. Ina tsaye ina juya tukunya sai ga ƙore suna shigowa daga gidaje, wannan ɗan tsaki, wannan tsamiya, matar Tanko ta aiko da gari a ƙasan ƙwarya wanda na tabbata na tuwon darensu ne. Na dama kunu mai ɗan kauri, irin wanda rabon garin da shi tun kafin ruwan farko.

Da na kai shi bakin gona sun riga sun jeru. Na ji Malam yana tambaya a hankali, "Malam Tanko, da wa zan fara?"

"Yadda aka saba. Wanda ya riga."

Ganga ta tashi, fartanyoyi suka faɗa ƙasa tare. Ba a yi nisa ba na lura da wani abu. Mutanen Yamma suna ja da baya. Wannan ya tsaya gyara wando, wancan ya duƙa cire ƙaya. Bawa kam bai sha wahalar yin baya ba. Sarkin Noma da kansa ya tsaya yana bubbuga ƙotar fartanyarsa a ƙasa, wai ta yi sako-sako. So suke su bar wa Gabas gaba, a biya su abin da kaset ya ci musu.

Tanko ya ɗago ya gani. Ya dasa fartanya ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Sarki, ba sadaka na zo karɓa ba. In noma za ka yi, ka yi."

Sarkin Noma ya dube shi, ya tofa yawu a tafin hannu. Tanko ya jira har ya iso daidai da shi, sannan suka duƙa tare.

Mutane biyu masu yunwa, ba yara ba, ga laka tana kama ƙafa, amma ƙasa tashi take yi a bayansu. Sauran maza suka bar zolaya suka bi su da gaske. Malam yana biye, jini ya ɓullo ta tsumman hannunsa, yana kiɗa bai kama sunan kowa ba, don ba wanda ya wuce wani. Sai dab da ƙarshen kunya Tanko ya zarce da kamar tsawon ƙota. Malam ya buɗe murya. Ya kira shi, ya kira ubansa, ya kira kakansa da ya sare dajin Gabas, ya faɗi rijiyar da suka haƙa, ya faɗi shekarar da Tanko ya ciyar da unguwa daga rumbunsa. Muryar ta dushe, tana tsagewa, ba ta kai ta kaset kyau ba ko kusa. Ni dai a duk zamana da shi ban taɓa jin ya yi waƙa kamarta ba, kuma ba wanda ya ɗauke ta. Tanko bai ɗago ba, sai dai na ga ya goge fuska da gefen hannu, ya kama wata kunyar.

Haka aka yini. Gabas su ƙwace, Yamma su ƙwace, kowa da guminsa. Kafin la'asar sakaliya gonar ta fito fes, jar ƙasa tsakanin layukan gero, iska tana ratsa su. Geron nan bai cika rumbu ba, amma shi ya kai mu wata daminar, har na sami na rabawa.

Da aka tashi maza suka zauna a bakin gona suna shanye sauran kunu. Malam ya sauke ganga ya je gaban Tanko ya durƙusa. Ya buɗe baki zai yi godiya, murya ta ƙi fita, sai iska. Ya sake gwadawa, haka dai.

Tanko ya miƙa masa ludayin da ke hannunsa ya ce, "Sha kunu, Makaɗi. Ai ka riga ka faɗa."